Yawan Jama'a da Rabon Mulki: Daga Duniya Zuwa Mazaɓar Kebbe da Tambuwal

Gabatarwa

Ranar 15 ga Nuwamba, 2022, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da sanarwar cewa yawan 'yan Adam ya cika biliyan 8. A shekarar 1950 biliyan 2 da rabi ne kawai. Watau ke nan dattijon da aka haifa a Tambuwal a waccan shekara, in Allah ya ja zamaninsa har yau, ya ga mutanen duniya sun ninka sau uku da ɗoriya a kan idonsa, abin da kakanninsa ba su taɓa gani ba. Sai dai wannan adadi, duk da girmansa, bai nuna inda ake ƙaruwar ba, bai kuma nuna shekarun mutanen da aka ƙirga ba. Akwai ƙasashen da ake rufe makarantun firamare saboda babu yaran da za su shiga, akwai kuma inda yara suka yi wa aji yawa har sai an zaunar da wasu a gindin bishiya.

Manufar wannan lacca ita ce a duba yadda wannan bambanci yake shafar rabon mulki da makomar al'umma. Za a fara da duniya, a gangaro Nijeriya, sa'an nan a tsaya a kan mazaɓa guda ta kudancin Jihar Sakkwato, watau Kebbe da Tambuwal, domin lissafin miliyoyi ba ya shiga kai sosai sai an kawo shi inda aka san sunayen garuruwa.

Ƙasashen tsofaffi da ƙasashen yara

Masana wannan fanni suna da ma'auni guda da suka fi dogara a kansa, shi ne matsakaicin adadin 'ya'yan da mace ɗaya take haifa a tsawon rayuwarta. Idan adadin ya tsaya a kan 2.1, al'umma za ta riƙa maye gurbin kanta, ba ƙari ba ragi. Idan ya faɗi ƙasa da haka ya daɗe, sai jama'a ta fara tsufa, daga baya ta fara raguwa. Fiye da rabin ƙasashen duniya sun riga sun faɗi ƙasa da wannan ma'auni. A Koriya ta Kudu ya sauka har 0.72 a 2023. A Japan kusan mutum 3 cikin kowane 10 sun kai shekara 65. Ƙasar Sin, wadda ta tilasta dokar ɗa ɗaya daga 1980 zuwa 2015, ta ga jama'arta ta ragu a 2022, karo na farko tun bayan yunwar 1961, kuma a 2023 Indiya ta wuce ta a yawa. Gwamnatin da ta shekara 35 tana cin tarar masu haihuwa, sai ga ta a 2021 tana lallashinsu su haifi uku, ba su kuwa saurare ta ba.

Irin wannan tsufa yana da tasa siyasar. Inda tsofaffi suka yi yawa, su ne masu ƙuri'a, kuma abin da ya dame su shi ne fansho da asibiti. Masu aikin da ake cire kuɗin daga albashinsu kuwa kullum raguwa suke. Da gwamnatin Faransa ta ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64 a 2023, sai da aka yi watanni ana zanga-zanga a tituna. Sa'an nan ga batun baƙi: masana'antu da gidajen jinya suna bukatar hannu, amma jam'iyyun da ke ƙyamar baƙi su ne ke ƙara samun kujeru. Jamus ta karɓi masu neman mafaka kusan miliyan guda a 2015. Shekara biyu bayan haka jam'iyyar AfD, wadda ta gina kanta a kan adawa da hakan, ta shiga majalisar tarayya.

A ɗaya gefen kuma ga ƙasashen Afirka na kudu da Sahara. A Jamhuriyar Nijar rabin mutane ba su kai shekara 16 ba. A Nijeriya rabin jama'a ba su wuce wajen shekara 18 ba. Dalilin ba boyayye ba ne: mutuwa ce ta ragu kafin haihuwa ta ragu. Agana, wadda a da take share yaran unguwa a rani guda, an kawar da ita daga Nijeriya a 1970. Allurar ƙyanda, da rijiyar burtsatse, da motar da ke kawo hatsi lokacin fari, duk sun sa yara da yawa da a da za a binne sun girma sun yi aure. Turai ma ta bi ta wannan hanya, amma a hankali, cikin fiye da ƙarni guda. Hasashen Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 shi ne yawan mutane zai kai ƙololuwa wajen biliyan 10.3 a tsakiyar shekarun 2080, kuma a 2050 kusan mutum ɗaya cikin huɗu a duniya ɗan Afirka ne.

Ƙidaya da kujera

Bahaushe ya ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A mulkin zaɓe wannan magana ta zama doka, amma da sharaɗi: sai an ƙirga yawan, an kuma yarda da ƙirgen. A Amurka ana ƙidaya duk shekara 10, a sake raba kujerun Majalisar Wakilai bisa sakamakon. Bayan ƙidayar 2020 Jihar Texas ta ƙaru da kujera biyu, New York kuwa ta rasa guda saboda mutum 89 kacal da suka gaza mata. Indiya ta ji tsoron wannan lissafi, sai ta daskarar da rabon kujeru tsakanin jihohinta a kan ƙidayar 1971, domin jihohin kudu da suka rage haihuwa suna ganin za a hukunta su a kan bin shawarar gwamnati. Labanan ma ba ta sake ƙidaya ba tun 1932, don kada a gane wane addini ya fi yawa.

Nijeriya ta ɗanɗani kowane ɗaya daga cikin waɗannan, kuma ma'anar ƙirga mutum ta juya a ƙasar Hausa har sau uku. A zamanin Daular Usmaniyya ƙasa tana da yawa, mutane ne ba su da yawa, don haka arzikin sarki shi ne jama'arsa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗoɗi, ya riƙa jawo makiyaya da manoma su zauna a cikinsu don tsare iyaka da raya ƙasa, kuma Tambuwal, inda Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna, tana cikin irin waɗannan garuruwa. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, ƙirge ya koma na haraji da jangali. Malamin En'e mai littafi ya zama abin gudu. Magidanci ya ɓoye ɗansa baligi, Bafillace ya kora rabin garke cikin daji. Sa'an nan da aka tunkari mulkin kai sai lamarin ya sake juyawa, kowane kai ya zama ƙuri'a da kujera da rabon kuɗi. Wanda a da ake ɓoyewa, yanzu shi ake nema a rubuta.

A taron Ibadan na 1950 wakilan Arewa suka nemi rabin kujerun majalisar tsakiya, hujjarsu yawan jama'a, suka kuwa samu. A zaɓen 1959 Arewa tana da kujera 174 cikin 312. Saboda haka da aka zo ƙidayar 1962 kowa ya san abin da ake takara a kai. An soke ta bayan zarge-zargen aringizo, aka sake a 1963, aka sami miliyan 55.6, Arewa tana da miliyan 29.8 daga ciki. Firimiyan Gabas, Dokta Michael Okpara, ya ƙi amincewa, ya kai ƙara Kotun Ƙoli, kotu ta ce ba huruminta ba ne. Wannan rikici yana cikin abubuwan da suka raunana Jamhuriya ta Farko. Ƙidayar 1973 ta ba da miliyan 79.8, Janar Murtala Muhammad ya soke ta a 1975, aka koma kan alƙaluman 1963. Sakamakon wannan ya fito fili a Satumba 1976, lokacin da aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa: an yi tanadin yara miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai ga wajen miliyan 3 sun hallara. Aka rasa azuzuwa, aka rasa malamai, kuma an daɗe ana biyan bashin wannan kuskuren lissafi.

Ƙidayar 1991 ta ba da miliyan 88.9, ta Maris 2006 ta ba da miliyan 140.4. A duka biyun an cire tambayar addini da ta ƙabila da gangan. An shirya wata a Mayu 2023, aka ɗage ta ana saura kwanaki, kuma har 2025 ba a yi ba.

Kebbe da Tambuwal

A ƙidayar 2006 Jihar Sakkwato tana da mutum miliyan 3.7. Ƙaramar Hukumar Tambuwal, mai garuruwa irin su Dogon Daji da Jabo da Sanyinna, tana da 224,931 a kan murabba'in kilomita 1,717. Kebbe, mai Kuchi da Girkau da Ungushi, tana da 124,658 a kan murabba'in kilomita 2,618. Watau a Tambuwal kimanin mutum 130 ne a kowane murabba'in kilomita, a Kebbe kuwa ba su kai 50 ba. Tambuwal tana kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega, Kebbe tana can ciki wajen iyakar Zamfara, kuma hanya tana jan jama'a kamar yadda fadama take ja.

Waɗannan alƙaluma su ne ƙashin bayan rabon mulki a yankin. A Majalisar Dokokin Jiha mai kujera 30, Tambuwal tana da biyu, ta Gabas da ta Yamma, Kebbe tana da guda. A Majalisar Wakilai ta Tarayya an haɗa su mazaɓa ɗaya, mai mutum kusan dubu 350 a 2006, alhali matsakaicin mazaɓa a ƙasa baki ɗaya a lokacin wajen dubu 390 ne. Alhaji Aminu Waziri Tambuwal ya wakilci wannan mazaɓa daga 2003 zuwa 2015, kuma daga kanta ya zama Shugaban Majalisar Wakilai a 2011. Duk wanda ya dubi adadin zai ga cewa Tambuwal tana da kusan kashi biyu cikin uku na jama'ar mazaɓar. Amma kada a ɗauka ƙarami ba shi da ranarsa. A zaɓen gwamna na 2019, bayan an sake zaɓe a wasu rumfuna, sakamakon Kebbe ne na ƙarshe da jiha duka ta zauna jira, kuma tazarar da ta raba 'yan takara biyu, a zaɓen da aka kaɗa ƙuri'a fiye da miliyan guda, ita ce 342.

Haka nan wajen kuɗi. A ma'aunin da ake raba kason jihohi daga Asusun Tarayya, kashi 40 cikin ɗari ana raba shi daidai wa daida, kashi 30 bisa yawan jama'a, kashi 10 bisa faɗin ƙasa da yanayinta, sauran kuma bisa wasu ma'aunai. Makamancin wannan ake bi tsakanin ƙananan hukumomi 774. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa neman sabuwar jiha ko sabuwar ƙaramar hukuma bai taɓa mutuwa ba. Ƙasar da take Jihar Sakkwato guda a 1976, an cire mata Kebbi a 1991 da Zamfara a 1996. Ta tashi daga sanata 5 a Jamhuriya ta Biyu zuwa 9, da kaso uku na rabon daidai maimakon guda.

To, amma a lura da shekarun waɗannan abubuwa. Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa Hukumar Zaɓe sake duba iyakokin mazaɓu lokaci-lokaci, musamman bayan ƙidaya, don yawansu ya yi kusa da juna. Iyakokin mazaɓu 360 kuwa tun 1996 aka shata su. Al'ummar da ke ƙaruwa da kashi 3 cikin ɗari a shekara tana ninkawa cikin shekara 23 ko 24. Idan aka bi wannan lissafi, dubu 350 na 2006 za su doshi dubu 700 wajen 2030. Tun da kuma rabin jama'a yara ne, yana yiwuwa ƙwarai rabin mutanen Kebbe da Tambuwal, ko fiye, an haife su ne bayan malaman ƙidaya sun naɗe takardunsu. Jaririn da aka shafa wa tawada a yatsa a Maris 2006 ya cika shekara 18 a 2024. Zai iya yin zaɓe a 2027, kuma bisa gyaran Tsarin Mulki na 2018, wanda ya rage shekarun takarar majalisa daga 30 zuwa 25, zai iya neman kujerar kanta a 2031.

Akwai kuma wani abu da ba a cika kula da shi ba. Ƙidaya tana rubuta mutum ne a inda aka same shi, kuma Maris tsakiyar rani ne. A ranin 1952 zuwa 1953 wani masanin labarin ƙasa, Mansell Prothero, ya ƙirga masu fita cin rani daga tsohon Lardin Sakkwato, ya sami kimanin rubu'in miliyan. Wannan al'ada ba ta tsaya ba, ta ma ƙara nisa. Saurayin da ke tura baro a Legas ko yake sayar da albasa a Anaca, a can za a ƙirga shi in bai dawo gida ba, amma matarsa da 'ya'yansa da gonarsa suna Kuchi. Sa'an nan rashin tsaron da ya addabi dazuzzukan iyakar Zamfara a shekarun 2020 ya tayar da ƙauyuka, ya cusa mutanensu cikin manyan garuruwa. Babu littafin da ya rubuta wannan ƙaura.

Abin da jimilla take ɓoyewa

Tun 1950 gardamar ƙidaya a Nijeriya a kan jimilla take: wa ya fi wa yawa. Wannan gardama ta cinye hankalin 'yan siyasa har ta hana a dubi tambayar da ta fi nauyi ga ma'aikacin gwamnati, watau cikin jimillar nan nawa ne masu ciyarwa, nawa ne waɗanda ake ciyarwa. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna matsakaicin haihuwa 5.3 a Nijeriya, 3.4 a Legas, 7.0 a Sakkwato. Wannan bincike ya kuma nuna cewa a Sakkwato kusan yaro ɗaya cikin biyar ba ya kai shekara 5. Abubuwan nan biyu tare suke tafiya: uwar da ba ta da tabbacin wanda zai rayu ba ta ƙidaya haihuwa. A 2022 kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sa Sakkwato a kan gaba wajen talaucin da ake aunawa da ilmi da lafiya da muhalli, da kashi 91 cikin ɗari.

A ƙaddara, don misali kawai, mazaɓa mai mutum dubu 700 tana samun haihuwa 40 a kan kowane dubu a shekara. Jarirai dubu 28 ke nan. Ko an cire waɗanda ba za su kai shekarun makaranta ba, ana bukatar ajin farko fiye da 550, kowanne da yara 40 da malaminsa, kuma baɗi ana bukatar fiye da haka. Kason da kowane kai yake jawowa daga Abuja bai kusa biyan wannan ba. Ga kuma gona. Gandun da ya ciyar da gida guda, in an raba shi gado tsakanin 'ya'ya, aka sake raba shi tsakanin jikoki, sai ya koma 'yan kunyoyi. Daga nan sai a shiga saura, a shiga burtali, a shiga makiyaya, kuma kowane alƙali da kowane hakimi a yankin ya san inda wannan yake kai manomi da mai shanu.

Ana yawan kawo maganar nan cewa bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, kuma babu Musulmin da zai yi jayayya da ita. Amma harshen Hausa kansa ya nuna kakanni ba su ɗauki haihuwa abin da ba a tsarawa ba. Suna da kalmomin rurrutsa da kwanika ga matar da ta yi ciki kafin ta yaye na goye, kuma ba yabo ake yi da su ba. Shayarwa ta shekara biyu, da tafiyar mace gidan iyayenta bayan haihuwa, tazara ce da al'ada ta gina tun kafin wani likita ya zo da nasa bayani.

Ƙasashen da suka ci ribar yawan matasa sun bi hanya kusan iri ɗaya. Koriya ta Kudu tana da matsakaicin 'ya'ya 6 a 1960. Bangaladash ta sauko daga kusan 7 a farkon shekarun 1970 zuwa wajen 2. Iran ta yi irin wannan sauka cikin shekara 15 kawai, daga tsakiyar shekarun 1980, a ƙarƙashin gwamnatin malamai. A ko'ina abin da ya faru shi ne mutuwar yara ta ragu, 'yan mata suka daɗe a makaranta, sai aka sami wani zamani na shekara 30 ko 40 da masu aiki suka fi waɗanda ake ɗauka yawa. Ribar kuwa ba ta zuwa da kanta. Inda matasan suka tashi ba ilmi ba sana'a, yawan nasu ya zama wa ƙasa nauyi. Dokar tilas irin ta Sin ta bar baya da ƙura, manufar 'ya'ya huɗu da gwamnatin Janar Babangida ta shelanta a 1988 kuwa a takarda ta tsaya. Binciken 2018 ya nuna abin da ya fi su tasiri: matar da ba ta yi makarantar boko ba tana haihuwar 6.7, wadda ta wuce sakandare 3.4. A binciken 2023 zuwa 2024 matsakaicin ƙasa ya sauka zuwa 4.8.

Ko da ya ci gaba da sauka, jama'ar Kebbe da Tambuwal za ta ci gaba da ƙaruwa na tsawon shekaru, domin iyayen 2040 an riga an haife su. Su ne 'yan matan da ke tallan gyaɗa a tashar Dogon Daji ko suke zaune a aji uku a Sanyinna. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum miliyan 93 ne suka yi rajista, kusan kashi 40 cikin ɗari daga cikinsu 'yan shekara 18 zuwa 34, amma waɗanda suka kaɗa ƙuri'a duka-duka ba su wuce wajen kashi 27 cikin ɗari ba.